Gani Ya Kori Ji: Kundin Ayyukan Mai Zane

A garin Lafiya akwai masu barin sana'ar da suka saba, su shiga kwas na koyon zane da kwamfuta. Wataƙila wata rana kai ma za ka bi sahunsu. A ra'ayina, kundin ayyukanka ya fi takardar shaidar kwas muhimmanci.

Kundin ayyuka shi ne tarin zane-zanen da ka yi da kanka, a takarda ko a waya, domin nuna wa malami ko mai ba da aiki. Mai gidan buga takardu bai damu da makin da ka ci ba. Abin da ka zana yake son gani, domin Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Me za ka zuba a ciki? Kada ka kwafo aikin wasu daga intanet. Dubi garinka. Tun daga 1996 Lafiya take babban birnin Jihar Nasarawa, kuma a 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya a cikinta. Ofisoshi da makarantu da shaguna suna bukatar kalanda da allon talla. Masu biki suna bukatar katin gayyata. Mai sayar da riɗi ko agushi yana bukatar tambari a jikin ledarsa. Ka roƙi mutum uku ko huɗu su bar ka ka yi musu zane. A ƙarƙashin kowane aiki ka rubuta wanda ka yi wa da bukatar da ka biya masa. Aiki shida masu kyau sun fi talatin na gaggawa.

Wani zai ce ƙwarewa a CorelDRAW ko Canva ta wadatar. Ban yarda ba. Zane saƙo ne, saƙo kuwa da harshe ake isar da shi. Idan ka rubuta "baki" a katin biki alhali "baƙi" kake nufi, ka kira masu zuwa bikin da sunan abin da ake cin tuwo da shi. Saboda haka ka zaɓi haruffan da suke da ɓ da ɗ da ƙ. Idan kuma ka iya Eggon ko Alago, sa zane ɗaya cikin harshenku, domin wannan baiwa ce da ba kowa yake da ita ba.

Fara tarawa tun kafin ka biya kuɗin kwas. Wanda ya je da kundi, malami zai san inda zai ɗora masa.