Kakanninmu Ba Duka Ne Leburori Ba



Idan dattijo ya rasu muka tambayi jikokinsa sana'arsa domin a rubuta, amsar da muka fi ji ita ce: "Lebura ne a reluwe," ko "Ya yi aikin ramin zinariya." A ganinmu wannan tauye haƙƙin mamaci ne, domin kowane aiki a can yana da sunansa da darajarsa.

An fara shimfiɗa layin dogo daga Sekondi a 1898, ya isa Tarkwa a 1901, Obuasi a 1902, sannan Kumasi a 1903. Daga nan sababbin sunaye suka shigo bakin mutanenmu. Fayaman shi ne mai zuba kwal a wutar jirgi, idonsa na kan ma'aunin ruwa, domin idan ruwa ya ƙafe tukunyar tana iya fashewa. Sai ya shekara da shekaru a gaban wuta kafin a ba shi matsayin direba. Fita shi ne mai kwance inji ya ɗaura. Mai giris yana bin ƙafafun tarago kada su yi zafi. Heluma kuwa shugaban ayarin leburori ne.

A ma'adinai akwai mai famfo, wanda in ya yi gyangyaɗi ruwa ya cika rami. Akwai mai injin keji, wanda ke saukar da mutane cikin ƙasa ya fito da su bisa bugun ƙararrawa, rayukansu na hannunsa bayan ikon Allah.

Wasu za su ce ai kalmomin Turanci ne, ragowar mulkin mallaka. Gaskiya ne, kuma manyan muƙamai Turawa suka riƙe. Amma harshen iyayenmu ya tauna kalmomin har suka zama namu, kuma da guminsu suka sami sunayen. Mu da muka ji labarin dokar korar baƙi ta 1969 mun san amfanin shaida. Wanda zai iya cewa kakansa fayaman ne a layin Tarkwa, ya faɗi shekarun, ba a yi masa gorin zama baƙo cikin sauƙi.

Saboda haka muna roƙon matasa su zauna da tsofaffin da suka rage. Ku tambayi sunan aikin, da tashar ko ramin, da shekarun. Ku duba akwatunan gida, ko za a dace da katin aiki ko takardar fansho.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa gumin da suka zubar ya zama kaffara.