Jiƙo Ba Ya Cutarwa, In Ji Wa?

Akwai wata magana da ta zama kamar ijma'i a bakin mutanen ƙasar Yawuri, tun daga kasuwar Yelwa har ƙauyukan Ngaski da Shanga, wai maganin gargajiya ko bai warkar ba, ba ya cutarwa, saboda haka kowa ya fara da abin da ransa ya kwanta da shi, asibiti ya jira. Ni kuwa ina ganin wannan ƙa'ida ɓatacciya ce tun daga asalinta, hujjata kuma tana cikin fitsarin 'ya'yanmu.

Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, kogi ya kwanta ya zama tafki, dodon koɗin da ke rainon tsargiya ya sami irin ruwan da yake so. Yaron da ya shiga wanka ko su, sai 'yar tsutsar tsargiya ta huda fatarsa, ta girma a jijiyoyin mafitsara, ta dinga zuba ƙwai shekara da shekaru. Idan ya fara fitsarin jini, wani dattijo ya ce balaga ce, mai magani kuwa, da lasifikarsa bisa mota, ya ce zafi ne, ya miƙo jiƙo. Jinin kan ɗauke da kansa na ɗan lokaci, sai jiƙo ya sha yabo, alhali kuwa ƙwan yana nan yana ƙeƙasa mafitsara, har ya kai wasu ga lalacewar ƙoda ko ciwon daji. Maganin tsargiya, Praziquantel, ƙwayoyi ne 'yan kaɗan, ana ma raba su kyauta a makarantu. To mu ƙaddara jiƙon ba shi da dafi ko ƙwarzane. Shekarun da ya cinye fa, wa zai biya diyyarsu?

Wasu za su ce ai ga lambar NAFDAC a jikin kwalba. Su duba ƙananan rubutun, galibi za su tarar hukumar da kanta ta barranta daga da'awar warkarwar.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ake lulluɓe wannan sakaci da rigar addini, ana kiransa tawakkali, kamar dai magabata ba su san darajar gwani ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi ciwo, wurin Harisu ɗan Kalada, likitan Ɗa'ifa, ya nuna masa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi wallafa a kan ɗibbu da alƙalaminsa, da Baturen nan Kilafatan ya iso Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da ya nema daga Ingila har da likita. Mutumin da ya fi mu sanin littattafan ɗibbu bai ga aibi ba a neman wanda ya san abin da bai sani ba, mu kuwa da asibiti a cikin Yelwa, gwajin fitsari na yini guda ya gagare mu.