Darasin Inji Yana Bakin Kasuwa

A shekarar 1982 aka soma tsarin ilmi na 6-3-3-4 a Nijeriya, aka shigar da darasin fasaha a ƙananan sakandare. Gwamnati ta sayo injuna daga Turai, amma makarantu da yawa ba su da ɗakin aiki ko lantarki, sai akwatunan suka yi shekaru a rufe har tsatsa ta ci kayan. Daga nan aka gaji wani mugun zato, wai ba a koyar da ilmin inji sai da kayan waje.

Wannan zato kuwa kuskure ne. Abin da ake kira haɗaɗɗen inji, watau ƙananan dabarun sauƙaƙa aiki biyu ko fiye da aka gama wuri guda, ba baƙo ba ne a Zamfara. Yaron da ya tura baro ranar kasuwar Tsafe ya riga ya riƙe shi da hannunsa: ga taya mai gangarawa, ga mariƙai masu rage nauyin ɗagawa. Jigon da masu lambu suka daɗe suna ɗebo ruwa da shi a fadamu, irin na bakin gulbin Bungudu, dabararsa ɗaya ce da ta mariƙan nan.

Keke ya fi su duka daɗin koyarwa. Malami a Gusau ya kai ɗalibansa rumfar mai gyaran keke, su kife keke, su ƙirga haƙoran da sarƙa ke bi. In na gaba 44 ne, na baya 22, juyin feda ɗaya zai juya taya sau biyu. Sa'an nan a tambaye su: mai hawa tudu da buhun gero, wanne ya kamata a sauya masa, kuma don me? Nan ne ƙira ta fara, domin dole yaro ya zana, ya gwada, ya ɓata, ya sake. Kwafar zane daga allo ba ta kai shi nan.

Wasu malamai na ganin zama gaban bakanike zubar da girma ne. To, amma shi bakaniken ya san aikin bai san lissafin ba, malami ya san lissafin, sau da yawa bai taɓa riƙe sifana ba. Shugabannin makarantu su keɓe safiya ɗaya a kowane zango don wannan ziyara, a kuma biya mai rumfa ladan lokacinsa.