RA'AYINMU: A Bar Yaranmu Su Shiga Motar Nan



Maganar da muka ɗauko a wannan fitowa ƙarama ce a ido, domin ba ta shafi rumfar kasuwa ba, ba ta shafi haraji ko belin wani ɗan'uwa ba, irin abubuwan da muka saba tattaunawa a wannan shafi. Magana ce ta mota ɗaya da za ta kwashi 'yan aji uku na ƙaramar sakandare daga nan Ibadan zuwa Legas, su wuni su dawo. Amma duk da ƙanƙantarta sai da kwamitin ƙungiya ya zauna a kanta har sau biyu, kuma ya umurce ni da in kawo ta gabanku ba tare da rufa-rufa ba.

Ga yadda abin ya faru. Wata makarantar gwamnati da yaranmu da yawa ke zuwa ta shirya wa ɗalibanta ziyarar ƙaro ilimi a ƙarshen wannan zangon karatu zuwa Legas, tsohon babban birnin ƙasa, domin su ga gidan adana kayan tarihi na Onikan, da Dandalin Tafawa Ɓalewa, da tsohon gidan yarin Turawa. Ranar da ake raba fom ɗin neman izinin iyaye, sai malamin ajin ya tsallake layin da yaran Sabo suke zaune, ya ce da su ai ku iyayenku ba sa bari, kada a yi asarar takarda. Wata yarinya ta koma gida da kuka, mahaifinta kuwa ya kawo ƙara ofis. Washegari ni da shugaban ƙungiya muka je muka ga shugaban makarantar. Ya karɓe mu da mutunci, ya ba da haƙuri, nan take ya sa aka ba kowane yaro nasa fom. Sai dai kafin mu tashi ya jawo rajistar tafiye-tafiyen da aka yi a shekarun baya ya buɗe mana, ya ce mu duba mu nuna masa sunan yaron Sabo ko da guda ɗaya. Muka duba daga farko har ƙarshe, babu. A nan bakinmu ya mutu.

Malamin nan bai kyauta ba, kuma mun faɗa a gabansa. Ba hurumin ma'aikacin gwamnati ba ne ya yanke wa yaro hukunci saboda ƙabilarsa ko unguwar da ya fito. To amma Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wa ya koya wa malamin cewa yaran Hausawa ba sa zuwa? Mu ne. Shekara da shekaru ana kawo mana takarda muna ƙunshe gyaɗa da ita, har ta kai ga an daina kawowa. Haƙƙin da mai shi ya daɗe bai nema ba, wata rana sai mutane su manta cewa nasa ne.

Mun zagaya gidaje mun ji dalilan iyaye, kuma ba mu raina ko ɗaya ba. Na farko shi ne tsoro. Wanda ya ga abin da ya faru a Shagamu da Ketu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da kuma kasuwar Shasha a nan garin a watan Fabrairun 2021, ba za a ga laifinsa ba idan gabansa ya faɗi da aka ce ɗansa zai yi nisa da gida. Na biyu kuɗi, domin kowa ya san yadda kasuwa take. Na uku, wasu sun ce gidan tarihi gidan gumaka ne, bai dace ɗan Musulmi ya taka shi ba. Na huɗu, wasu sun yarda namiji ya je, amma ban da mace.

Game da tsoro, tsakanin Ibadan da Legas kimanin kilomita 130 ne, hanyar da 'yan goro da 'yan shanu da 'yan gwari daga cikinmu suke bi kusan kullum. Idan mun yarda yaro ɗan shekara 14 ya bi babbar mota zuwa Mil 12 don ya taya sauke albasa, da wane baki za mu ce motar makaranta da malamai a ciki ita ce haɗari? Game da gumaka, mun kai tambayar ga malamanmu na unguwa, suka ce ba bauta yaran za su je yi ba, kallo ne da ɗaukar darasi daga waɗanda suka shuɗe, kuma addininmu bai hana wannan ba. Game da 'ya'ya mata kuwa, sai mu tuna cewa wadda ta yi kuka har maganar nan ta fito fili mace ce. Da ba ta damu da ilimi ba, da ta yi shiru kamar kowa. Maganar kuɗi kuma za mu zo kanta a ƙasa.

Bari in faɗa muku abin da yaran za su gani, domin ni ma na je, kuma sai da na haura hamsin sannan na je. Ban yi makarantar boko ina yaro ba, ajin yaƙi da jahilci na yamma ne ya buɗe mini ido bayan na yi furfura, kuma tare da abokan karatuna muka yi karo-karo muka tafi. Na tsaya a gaban allunan bayani ina haɗa baƙi da ƙyar, amma da kaina na karanta, ba wanda ya karanta mini.

An buɗe gidan tarihi na Onikan a 1957, shekara 3 kafin samun 'yancin kai. A ciki akwai kayan tagulla na Benin da na Ife, akwai kuma kawunan yumɓu na mutanen Nok da aka haƙo a kudancin Jihar Kaduna, waɗanda suka haura shekara 2,000. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne baƙar marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Tana nan ajiye, da hujin harsasai a jikinta. Mutumin Kano ne, yana da shekara 37, bai cika wata 7 a kan mulki ba, kuma kwana 10 kafin rasuwarsa ya sanar da cewa za a mayar da babban birnin ƙasa zuwa Abuja, abin da bai tabbata ba sai ranar 12 ga Disamba, 1991. Yaranmu suna riƙe hotonsa kullum a kan naira 20, suna jin sunansa a kan filin jirgin sama na Ikeja, amma tambayi ɗanka yau da dare ko wane ne shi, ka ji amsar da zai ba ka.

Daga nan tafiyar ƙafa ce kaɗan zuwa Dandalin Tafawa Ɓalewa, wanda a da filin sukuwa ne na Turawa. A wurin aka sauke tutar Ingila aka ɗaga kore-fari-kore a daren shiga 1 ga Oktoba, 1960, kuma wanda ya yi magana da yawun ƙasar nan baki ɗaya a wannan rana malamin makaranta ne daga Bauchi, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa. A dandalin akwai wurin tunawa da sojojin da suka rasu a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu da kuma yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Gida nawa ne a Sabo da ba su da kaka ko kakan kaka da ya je yaƙin Bama? A wancan zamani Hausa ce harshen bariki. Kai, tun a 1863 wani Bature mai suna Glover ya tara 'yan Arewa 18 a Legas ya kafa rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover, kuma daga wannan shekara ce rundunar sojan Nijeriya take ƙirga mafarinta. Gaskiya ne Turawa suka yi wa aiki, kuma da yawansu daga bauta suka tsero, ba za mu ɓoye wa yara wannan ba. Amma ya isa shaida cewa Bahaushe yana Ikko fiye da shekara 50 kafin a haɗe Kudu da Arewa a 1914.

Wuri na uku shi ne tsohon gidan yari na titin Broad, wanda aka mayar wurin shaƙatawa da tunawa da tarihi a 2010, aka raɗa masa suna Freedom Park. A nan aka taɓa tsare Herbert Macaulay, haka ma Cif Obafemi Awolowo. Wannan ma muna so yaranmu su gani, domin zaman tare ba ya yiwuwa idan kowa nasa kawai ya sani. Muna so ɗan Bayarabe ya tsaya a gaban motar Murtala, ɗan Bahaushe ya tsaya a inda aka kulle Awolowo, su dawo a mota ɗaya suna cin biredi ɗaya. Yaran da suka yi haka, da wuya wani ɗan siyasa ya zo gobe ya ba ɗayansu adda ya ce ya sari ɗayan.

Wani zai ce to ina ruwan wannan da maganar 'yanci da wannan takarda ta saba yi? Ai nan ne gizo yake saƙa. An kafa Sabon Ibadan tun 1916. Akwai gidajen da uba da kaka duk a nan aka yanke musu cibiya, amma har gobe idan yaro ya je neman gurbin karatu ko aiki sai a ce ya koma Kano ko Katsina ya kawo takardar shaidar asali, daga garin da ko hanyarsa bai sani ba. Kundin tsarin mulki na 1999 a sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa damar ya yi yawo kuma ya zauna a duk inda ya so a Nijeriya. Sashe na 42 ya hana hukuma nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin asali ko jinsi. Sashe na 43 ya ba shi damar mallakar gida ko fili a ko'ina. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta wa kowane yaro karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta, ba ta ce ban da ɗan Sabo ba.

Ba mu ce wuni ɗaya a Legas zai samo wa yaro takardar asali ba. Wannan gwagwarmaya ce mai tsawo, kuma ƙungiya tana kanta. Abin da muke cewa shi ne, doka ba ta tashi daga cikin littafi ta kare mutum, sai mutumin ya san da ita kuma ya yarda a ransa cewa ta shafe shi. Yaron da ya tashi yana jin ana ce masa baƙo, a gida kuma ana ce masa ka bar musu abinsu ba namu ba ne, zai girma yana sunkuyar da kai a kowane ofis. Wanda kuwa ya gani da idonsa cewa akwai jinin iyayensa da guminsu a ginin ƙasar nan, idan aka ce masa baƙo zai san amsar da zai bayar, cikin ladabi ba tare da faɗa ba. Gani ya kori ji.

Saboda haka kwamiti ya yanke shawarwari kamar haka:

1. Duk gidan da aka kawo wa fom, a sa hannu a mayar kafin ranar da makaranta ta tsayar. Wanda ba ya karatun boko ya kawo ofis bayan sallar la'asar, za a karanta masa a fassara, ba abin kunya ba ne.

2. Wanda kuɗin tafiyar ya yi wa nauyi ya same ni ko ma'aji a keɓe. Ƙungiya za ta biya rabi daga asusunta, marayu kuwa za a biya musu duka, kuma ba za a ambaci sunan kowa ba. Muna kira ga masu hali, musamman shugabannin 'yan goro da na kara da 'yan canji, su tallafa wa asusun, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

3. Makaranta ta amince mu haɗa da 'yan rakiya biyu daga cikinmu, dattijo ɗaya da dattijuwa ɗaya daga ajin yaƙi da jahilci na mata. Ta kuma amince a tsaya yaran su yi sallar azahar, a kamo hanyar gida da sauran rana.

4. Duk yaron da ya je zai rubuta shafi ɗaya a kan abin da ya gani, da Hausa ko da Turanci. Za mu buga waɗanda suka fi kyau a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda.

5. Nan gaba duk wanda aka tsallake ɗansa a wani rabo na makaranta, kada ya je ya yi hayaniya, kada kuma ya yi shiru. Ya kawo ofis, mu bi ta hanyar da ta dace.

Ku kuma iyaye da ba za ku iya zuwa Legas ba, ga gidan tarihi na haɗin kan ƙasa a Alesinloye, a cikin garin nan, kuɗin mota ɗaya ne. Ku ɗauki iyali wata rana ku je, kada ku jira furfura kamar yadda na jira.

A ƙarshe, muna gode wa mahaifin da bai haɗiye maganar nan ba, muna kuma sa wa 'yarsa albarka. Burinmu shi ne baɗi idan aka sake buɗe rajistar nan, a tarar da sunayen yaranmu maza da mata a ciki, ta yadda babu malamin da zai sake samun hujjar tsallake layinsu.

Allah Ya kai su lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya zaunar da mu da maƙwabtanmu lafiya. Amin.

Sakataren Ƙungiya