Kada A Yi Wa Ciwon Hankali Lissafin Sikila

Tun da gwajin jini kafin aure ya zauna da gindinsa a tsakaninmu, jama'a da dama sun koyi wani lissafi mai amfani: idan saurayi AS ne, budurwa ita ma AS, to a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi yaro mai sikila. Lissafin nan gaskiya ne, ya kuma ceci gidaje da yawa daga hawaye. Abin da ke damuna shi ne yanzu ana so a ɗauki wannan mudu a auna ciwon hankali da shi. Za ka ji ana cewa ai Turawa sun gano ƙwayar gado mai kawo ciwon damuwa, har da wadda ke sa mutum ya yi kisa, saura kawai na'urar gwaji ta iso. Wato tsohuwar maganar nan ta "gidan su wane akwai hauka" ta sami sabuwar riga. Binciken da ake jingina maganar da shi bai faɗi haka ba, zan kuwa ɗauki misalin da ya fi ƙarfi, domin kada a ce na zaɓi mai sauƙin kayarwa.

Akwai wani sinadari a jikin mutum da ake kira sirotonin, wanda ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna saƙo da shi. Wajen kashi 90 cikin 100 nasa a hanji yake, ɗan abin da ke cikin ƙwaƙwalwa kuwa yana da hannu a barci, da cin abinci, da yanayin zuciya. Saƙo ba ya aiki sai da mai karɓa, saboda haka a jikin ƙwayoyin jijiya akwai makarɓai, kamar ƙofofi, waɗanda sirotonin ke ƙwanƙwasawa. Makarɓan nan iri 14 ne, ƙwayoyin gado da muka samu daga iyaye su ne ke ɗauke da tsarin yadda za a gina su. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan sunanta HTR2B.

A ƙasar Finlan, can arewacin Turai, akwai mutanen da wannan ƙwaya tasu ke da tangarɗa. Makarɓin da ya kamata a gina yana da gaɓoɓi fiye da 400, amma a gaɓa ta 20 sai aikin ya tsaya cik, kamar magini ya ɗora tubali kaɗan ya tattara kayansa. Mutanen Finlan sun fito daga kakanni kaɗan ne, sun kuma daɗe suna aure a tsakaninsu, shi ya sa tangarɗar da ba a samunta a wasu al'ummai ta yaɗu a cikinsu. A watan Disamba na 2010, Laura Bevilacqua da David Goldman, na cibiyar gwamnatin Amurka mai binciken illar giya, tare da abokan aikinsu na Finlan, suka buga sakamakon bincikensu a mujallar Nature. Sun duba fursunoni 228 waɗanda suka aikata manyan laifuffuka na garaje, irin su kisa da sa wuta, ba tare da shiri ko wata riba ba. A cikinsu 17 na ɗauke da tangarɗar, wato kusan ninki uku na abin da aka samu a cikin mutanen gari da aka gwada. Suka kuma nuna cewa ɓerayen da aka cire wa wannan ƙwaya sun fi sauran garaje. Jaridun Turai suka ɗauki labarin da zafinsa.

To, mai karatu, mu zauna mu yi lissafin da kanun jarida ba ya yi. Idan 17 na ɗauke da ita cikin 228, ke nan 211 sun aikata irin laifin nan ba tare da ita ba. Sa'an nan a 2015 Roope Tikkanen da abokansa na Jami'ar Helsinki suka ƙiyasta cewa kashi 2.2 cikin 100 na mutanen ƙasar na da wannan tangarɗa, wato mutum fiye da 100,000. Ina suke? Suna gonakinsu da ofisoshinsu, suna renon 'ya'yansu, mafi yawansu ba su taɓa ganin cikin kurkuku ba, ba su ma san suna ɗauke da kome ba. Fursunonin nan 17 kuwa dukansu maza ne, kusan dukan laifuffukansu kuma cikin maye suka aikata su. Masu binciken da kansu sun rubuta cewa tangarɗar ita kaɗai ba ta isa ta sa mutum ya yi ta'asa ba. Binciken 2015 ya ƙara nuna cewa masu ita sun fi shiga faɗa da ɓarnar kuɗi sa'ad da suka sha. A ganina labarin nan ya fi magana a kan giya bisa ga jini, gama ita ce ashanar, ita ce kuma abin da mutum ke iya ajiyewa.

Wannan fa misali ne mai ƙarfi. Akwai wanda ya fi shi suna, ya kuma faɗi warwas. A 2003 Avshalom Caspi da Terrie Moffitt suka buga bincike a mujallar Science a kan mutum 847 na garin Dunedin a ƙasar Niyu Zilan. Ƙwayar da suka duba ta abin da ke kwashe sirotonin ce bayan ya gama isar da saƙo. Suka ce masu gajeren nau'inta sun fi kamuwa da ciwon damuwa idan wahalar rayuwa ta same su. Maganar ta yi daɗin ji, aka sa ta cikin littattafan koyar da likitoci, aka yi ɗaruruwan bincike a bayanta. A 2009 Neil Risch ya haɗa bincike 14 masu mutum fiye da 14,000, bai ga tasirin ƙwayar ba, abin da ya gani shi ne wahalar rayuwa kanta tana jawo ciwon. A 2019 Richard Border da abokansa a Jami'ar Kolorado suka sake auna ƙwayoyi 18 da aka daɗe ana zargi da kawo ciwon damuwa, har da ta wani makarɓin sirotonin mai suna HTR2A, a cikin dubban ɗaruruwan mutane. Ba ko ɗaya da ta tsaya da ƙafarta. Shekara 16 ana gini a kan yashi. Ban faɗi wannan domin a rena masana ba, ai su ne suka gano kuskuren suka kuma shelanta shi. Amma wanda ya ji labarin 2003 bai ji na 2019 ba, har gobe yana nan yana maimaita abin da masu shi suka bari.

Wani dattijo zai ce, to kana nufin babu gado a ciwon hankali? Akwai. Binciken tagwaye ya nuna gado na da rabon wajen kashi 37 cikin 100 a bambancin da ke tsakanin mutane wajen kamuwa da ciwon damuwa, a ciwon sikizofiriniya kuma, wanda mai shi kan ji muryoyin da babu, rabon ya fi haka nesa. Iyayen da ke bincike kafin su ba da 'yarsu ba wauta suke yi ba. Amma gadon nan a warwatse yake. Babban binciken da aka buga a 2025, a kan mutum wajen miliyan 5 daga ƙasashe 29, ya sami wurare kusan 700 a cikin ƙwayoyin gado masu alaƙa da ciwon damuwa, kowanne da ɗan tasiri kamar ƙwayar gero a cikin buhu. Kowa a cikinmu na ɗauke da wasu. Sikila ƙwaya ɗaya ce, shi ya sa ake iya rubuta AA ko AS a takarda. A nan babu irin wannan takarda. Ko a sikizofiriniya, yaron da uwarsa ko ubansa ke da ciwon, yiwuwar ya kamu wajen ɗaya ce cikin goma, tara ba za su kamu ba. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya ma, waɗanda gadonsu ɗaya ne sak, sau da yawa ɗaya kan kamu ɗaya ya zauna lafiya.

Abin da ya sa na tsaya a kan wannan shi ne farashin da marasa lafiya ke biya. A ƙaramar jama'a inda kowa ya san kowa, inda gidajen da za a nemi aure a ciki ba su da yawa, tambarin "hauka a jini" na iya rufe ƙofar aure ga 'yan mata biyar saboda ciwon wansu ɗaya. Iyali sun san haka, sai su ɓoye. A kulle saurayi a ɗakin baya, a ce ya yi tafiya. Matar da damuwa ta kama bayan haihuwa a ce mata ta yi haƙuri kawai, kada a ji. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton dubban masu ciwon hankali da ake ɗaure wa sarƙa a Nijeriya, a asibitoci da gidajen masu magani da wuraren addini, namu da na maƙwabta. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, amma doka ba ta shiga ɗakin baya idan masu gida na tsoron bakin mutane.

Saboda haka ina roƙon dattawa da kwamitocin aure na ikkilisiyoyinmu su ci gaba da gwajin sikila, su kuma ƙi duk wanda ya zo da wani gwajin jini yana cewa zai nuna mai taɓuwa nan gaba. Tangarɗar Finlan ma ba a jininmu take ba. Tambayoyin da ke da amfani na nan a fili: shin saurayin nan yana shan giya ko ƙwaya? Idan ya taɓa kwanciya da ciwon hankali, ya faɗa wa yarinyar da bakinsa? Yana zuwa ganin likita, yana shan maganinsa? Wanda ke buƙatar a duba shi kuma a kai shi da rana tsaka, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware kusa da Sakkwato, asibitocin koyarwa na Jos da Zariya da Kano su ma suna da sashen.