Tsohon babur, sabuwar tayar baya

1/ 'Yan uwana matasan Tsiga da kewaye masu tsofaffin babura, ku ɗan matso. In kuɗinka abu ɗaya tak zai iya saya wa mashin kafin kaka, to ka sayi tayar baya. Fitila mai walƙiya da salansa mai ƙara su jira. Kuma sabuwa fil nake nufi, ba 'yar gwanjo ba.

2/ Tayar baya ita ce jakar gidan. Ƙarfin inji ta sarƙa yake zuwa mata, ita ke tura mashin. Kai kusan a kanta kake zaune, fasinjanka a kanta, buhun masara mai kusan kilo 100 da ka ɗaure a kariya shi ma a kanta. Birkin ƙafa, wanda yawancinmu shi muka fi takawa, ita yake kamawa. Shi ya sa take riga ta gaba suɗewa.

3/ Zanen jikin taya ba ado ba ne fa. Ta nan ruwa da laka ke ficewa, roba ta samu ta kama ƙasa. In ya shafe, a kwalta da rani ba za ka ji komai ba, har ka ce ai lafiyarta ƙalau. Bari ruwa ya sauka ka hau hanyar gona mai jar ƙasa, ko ka taka birki a kwana da kaya a baya. A nan gindin mashin ke cewa sai anjima.

4/ Duba ta ba ya buƙatar makanike. A gefen tayoyi da yawa akwai ɗan alamar kusurwa uku ko rubutun TWI. Bi saitinsa zuwa cikin zanen, za ka ga ɗan tudu. In saman taya ya zo daidai da tudun, ta gama aiki. In kuwa har zare ya leƙo, ko gefenta ya tsattsage kamar faso, ai ba sai an yi dogon bayani ba.

5/ Na san abin da za a ce: “Malam, kai ka san kuɗin taya yanzu?” Na sani. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, naira kuma ta faɗi, kayan gyaran babur suka yi sama. Ɗan acaba da ke kai balas kullum ba wauta ce ta sa yake lallaɓa tsohuwar taya ba. Amma ku yi lissafin da kanku: faci yau, faci jibi, sabon tif wani sati, ga wunin da ya tafi a turin mashin. Haɗa na wata biyu ka gani.

6/ Sai batun 'yar gwanjo, wadda nan ne muke rigima da mutane. Tayar da aka yi amfani da ita tana cikin kayan da hukumar Kwastam ta hana shigowa da su Najeriya. Ba ka san wa ya hau ta ba, ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba ka san shekarun da ta yi a rana ba. Akwai ma masu sake yanka wa suɗaɗɗiyar taya zane da wuƙa, a shafe ta da baƙin mai, ta yi kyau a ido alhali robar ta ƙara sirancewa.

7/ Ko sabuwa ce, kafin ka biya a shagon Funtua ko Malumfashi, nemi lambobi huɗu a gefenta. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. 2423 na nufin sati na 24 a 2023. Roba na bushewa ko ba a hau ta ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara huɗu take ba taya daga ranar da aka yi ta.

8/ Ga kuma abin da ba ma son faɗi. Wannan yanki ne da a Fabrairun 2025 aka shiga har gida a Tsiga aka ɗauke Janar Maharazu Tsiga, tsohon shugaban NYSC. Tayar da ta fashe a tsakiyar Kano ɓata lokaci ce kawai. Wadda ta fashe maka gab da magariba tsakanin ƙauye da ƙauye a ƙasar Bakori, da matarka ko ƙaninka a baya, wata magana ce daban. Allah Ya tsare mu.

9/ Ranar sawa, kar ka ajiye wa mai faci mashin ka tafi shan shayi. Tsaya a kansa. Lambar girma ta zo daidai da ta tsohuwar: 3.00-17 na nufin faɗi inci 3, wili inci 17, kuma ta 18 ba za ta zauna a wilin 17 ba. In akwai kibiya a gefe, ta kalli inda taya ke juyawa.

10/ Tsohon mashin, irin su Jincheng da Boxer da suka sha duniya, matsalarsa takan ɓuya a cikin wili. A goge tsatsa, a duba robar da ke rufe kawunan sifok, don kan sifok ɗaya da ya fito zai huda maka tif daga ciki. Tif mai faci biyar kar ya koma cikin sabuwar taya, don Allah. Wannan tsimin banza ne.

11/ Da an mayar da ita, a daidaita sarƙa dama da hagu, in ba haka ba tayar za ta ci gefe ɗaya. A sake saita birki, ka gwada shi a nan wurin kafin ka hau titi.

12/ Kwanakin farko ka bi a hankali, sabuwar roba tana da santsi. Iska kuma a auna ta da geji da safe kafin taya ta yi zafi, ba a danna da babban yatsa a ce ta yi ba.