Wasiƙun Jefferson, Shaidun da Ya Tara wa Kansa

Maganar yau a kan wani mutumin Amurka ce, Thomas Jefferson, wanda aka haifa a jihar Virginia cikin 1743. Shi ya tsara takardar da Amurkawa suka yi shelar fita daga hannun Ingila da ita cikin 1776, shi ne kuma shugabansu na uku, daga 1801 zuwa 1809. Mutumin nan ya rubuta wasiƙa wajen 19,000 a zamansa na duniya. Yana da littafi musamman inda yake shigar da kowace takarda, wadda ta fita da wadda ta iso, kamar yadda mai kanti ke shigar da kaya. Daga 1804 kuwa ya samo wata na'ura mai alƙalami biyu, yana rubutu da ɗaya, ɗayan na bin sawunsa a wata takarda dabam, don kada wasiƙa ta bar gidansa ba ta bar 'yar'uwarta ba.

Abin da aka fi yabonsa da shi cikin wannan tari shi ne wasiƙun da suka gudana tsakaninsa da John Adams, shugaba na biyu. Lalle sun cancanci yabo. Aminai ne tun zamanin neman 'yanci, har siyasa ta shiga tsakani. Jefferson ya kada Adams a zaɓen 1800, ranar da za a rantsar da shi kuwa Adams ya fice daga birnin Washington tun da asuba. Fiye da shekara goma ba wanda ya aika wa ɗan'uwansa ko layi guda. Cikin 1804 matar Adams, Abigail, ta rubuta wa Jefferson ta'aziyyar 'yarsa Mary, wadda ta taɓa riƙo a London tana yarinya, amma kafin a jima ta'aziyya ta koma tonon tsohon miki, aka sake yin shiru.

Wani likita na Philadelphia, Benjamin Rush, shi ya yi ta kai da kawowa har ya sasanta su. Ran 1 ga Janairu 1812 Adams ya fara rubutowa, ya ce ga ƙyalle biyu na saƙar gida nan tafe. Jefferson ya ɗauka da gaske, ya zauna ya cika takarda da bayanin kaɗi da saƙa a Virginia. Ashe littattafai ne biyu na ɗan Adams, tsohon yana ba'a ne kawai. Daga nan wasiƙa 158 ta gudana tsakaninsu, 109 daga Adams, 49 daga Jefferson. Sun yi muhawara a kan wa ya dace da mulki, mai asali ko mai hali, a kan littattafan Yunanawa, a kan tsufa da baƙin ciki. Kowa ya tsaya kan ra'ayinsa, ba zagi. Suka rasu rana ɗaya, ran 4 ga Yuli 1826, shekara 50 daidai da shelar 'yanci.

To, a nan masu yabo suka saba tsayawa, a nan kuwa bai kamata a tsaya ba. Alƙali ba ya jin shaidu biyu ya sallami saura, alhali suna zaune a zaure.

Ga shaida ta fari. Cikin Afrilu 1796 Jefferson ya rubuta wa wani abokinsa mutumin Italiya, Philip Mazzei, yana cewa waɗansu da suka yi jaruntaka a fagen fama da hikima a majalisa Ingila ta janye su. Mazzei ya ba da ita aka buga, ta bi ta Faransa ta komo jaridun Amurka cikin 1797. Kowa ya ce da George Washington ake. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka sa wa tawada. Har Washington ya rasu cikin 1799 wasiƙa ba ta sake shiga tsakaninsu ba.

Wannan ƙaramin abu ne in an gwada shi da zancen bayi. Mutumin da ya rubuta cewa daidai aka halicci mutane duka ya mallaki bayi fiye da 600 a tsawon rayuwarsa. Cikin Agusta 1791 wani baƙar fata ɗa, Benjamin Banneker na Maryland, gwanin lissafin taurari, ya aiko masa da kalandar da ya lissafa da hannunsa, tare da wasiƙa yana tuna masa maganarsa ta 1776, yana tambayarsa yadda ta haɗu da riƙon 'yan'uwansa cikin bauta. Jefferson ya amsa da ladabi, ya ce ba wanda ya fi shi son ganin irin wannan hujja, har ya ce ya aika da kalandar Paris wurin masana. Amma cikin 1809, Banneker ya riga ya rasu, sai ga shi yana rubuta wa Joel Barlow cewa yana zaton an taimaki mutumin ne, basirarsa kuma ba ta wuce ta kowa ba. Wasiƙun nan biyu duk an same su, kuma hannu ɗaya ya rubuta.

Shaidar da ta fi nauyi ita ce ta Edward Coles, saurayi maƙwabcinsa, magatakardan shugaba Madison. Shi ne ma ya ziyarci Adams cikin 1811 ya komo da albishir cewa tsohon yana nan da ƙaunar Jefferson, abin da ya buɗe ƙofar sulhu. Cikin 1814 Coles ya roƙi Jefferson ya sa girmansa ya ja gaba wajen 'yanta bayi a Virginia. Amsar da ya samu ran 25 ga Agusta ita ce, niyyar tana da kyau, amma shi ya tsufa, aiki ne na samari. Ya kuma shawarce shi kada ya bar jihar, ya zauna ya ci gaba da kyautata wa bayinsa. Coles bai bi shawarar ba. Cikin 1819 ya kwashe bayin da ya gada ya nufi Illinois, suna kan kogin Ohio ya shaida musu sun zama 'ya'ya, da suka isa ya ba kowane magidanci eka 160. Cikin 1822 aka zaɓe shi gwamnan jihar.

Akwai masu cewa kada a auna mutumin da da mudun yau. Maganar tana da fuska, sai dai ba mudun yau aka ɗauko ba. Banneker da Coles mutanen zamaninsa ne, da tawada suka gaya masa, ya karanta, ya amsa, ya ajiye. Washington ya yi wasiyya a 'yanta bayin da ya mallaka. Adams kuwa bai taɓa mallakar bawa ba, ko da yake shi ma abin zargi ne a wuri guda: cikin wasiƙa 109 da ƙyar ya taɓo wa amininsa zancen, sai sa'ad da rigimar Missouri ta taso wajen 1819. Watakila ya ga zumuncin da aka ɗinke da wuya ba zai ɗauki wannan nauyi ba.

Waɗansu kuma su ce bashi ne ya ɗaure shi, domin bisa dokar wurin masu bin bashi suna da hakki a kan bayin wanda ake bi. Gaskiya ne, wani bashin ma gadonsa ya yi daga surukinsa cikin 1773. Amma sauran fa? Ya yi shekaru yana rushe gidansa na Monticello yana sake ginawa, yana sayo littattafai da giya daga Turai. Cikin 1818 kuma ya tsaya wa abokinsa Wilson Cary Nicholas lamunin dala 20,000, shekara na kewayowa Nicholas ya karye, kaya ya faɗo kan mai lamuni. Attajirai sun san wannan ciwo ba sai an fassara ba. Mai littafin da bai taɓa mance shigar da wasiƙa ba ya kasa haɗa shiga da fita.

Ya rasu ana binsa fiye da dala 100,000. Bayi biyar kaɗai ya 'yanta cikin wasiyyarsa, bayan biyu da ya 'yanta yana da rai. Cikin Janairu 1827 aka yi gwanjo a Monticello, sanarwar da aka buga ta ambaci mutum 130, tare da dawaki da shanu da kayan ɗaki. Takardunsa kuwa jikansa ya gada, daga baya gwamnati ta sayi mafi yawansu, suna ajiye a babban ɗakin littattafai na majalisar Amurka a Washington.